Tambayar Jiragen Ƙasa Biyu: Asalinta da Shigowarta Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Wannan takarda za ta bi diddigin wata tambaya ta wasa ƙwaƙwalwa wadda kusan duk wanda ya zauna a ajin lissafi ya taɓa cin karo da ita, wato tambayar jiragen ƙasa guda biyu da suka taso daga tashoshi biyu suna fuskantar juna. Za a duba inda ta samo asali, da irin rigunan da ta yi ta sauyawa a kan hanya, da kuma yadda ta sami ɗaliban ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, inda dogo bai taɓa ratsawa ba. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, a nan ne aka fi ganin ratar da ke tsakanin tambayar da wanda ake yi wa ita, kuma ratar nan tana da abin da za ta gaya wa masu horar da malamai.

Siffar tambayar

Tambayar takan zo da fuskoki uku. A ƙaddara tashoshi biyu da ke da kilomita 100 a tsakaninsu, jirgi ya taso daga kowace a lokaci guda, kowanne yana gudun kilomita 50 cikin awa. Fuska ta farko ita ce a ce: in sun haɗu, wanne ya fi kusa da tashar farko? Amsa, tazararsu ɗaya ce, tun da a wuri guda suke, ko da gudun nasu ya bambanta. (Yaro mai wayo yakan yi gardama cewa wutsiyar jirgin da ya taso daga can ta fi kusa, kuma gaskiya gare shi, malamin da ya san aikinsa yaba masa zai yi.) Fuska ta biyu: rabin awa kafin su haɗu, mece ce tazarar da ke tsakaninsu? A nan ma ba a bukatar sanin nisan tashoshin ko kaɗan. A cikin awa guda su biyun suna cinye kilomita 100, saboda haka a rabin awa kilomita 50 ce ta rage.

Fuska ta uku ita ce ta fi shahara. Ƙuda ne ya tashi daga goshin jirgin farko yana gudun kilomita 75 cikin awa, ya je ya taɓa na biyu, ya juyo ya taɓa na farko, ya sake juyawa, haka ya yi ta yi har jiragen suka haɗu. Kilomita nawa ƙudan ya ci? Wanda ya faɗa tarkon sai ya shiga bin ƙuda sawu-sawu. A zuwan farko ƙuda da jirgi na biyu suna matso juna da kilomita 125 cikin awa, sai su haɗu bayan minti 48, ƙuda ya ci kilomita 60. A lokacin kowane jirgi ya ci 40, saura 20 a tsakani, wato humusin tazarar farko. Zuwa na biyu zai zama humusin na farko, kilomita 12. Na uku kilomita 2.4; haka abin zai yi ta ƙanƙancewa ba iyaka. Mai ilimin tara jerin da ba ya ƙarewa zai iya haɗa su ya sami 75. Amma wanda ya lura ba ya wannan wahala. Sai ya ce jiragen za su haɗu bayan awa ɗaya, ƙuda kuwa bai huta ba a cikin awar nan, gudunsa 75, ke nan ya ci kilomita 75. Dabarar duka ita ce a ɗauke ido daga ƙuda a dubi agogo.

Akwai labarin da masana lissafi suke yawan bayarwa game da John von Neumann, haifaffen Budapest ta ƙasar Hangari wanda ya rasu a Amurka a 1957. Paul Halmos ya kawo shi a wata maƙala a 1973, sai dai a ruwayarsa masu keke ne guda biyu, mil 20 a tsakaninsu, kowanne yana gudun mil 10, ƙuda yana gudun 15. Aka yi masa tambayar, nan take ya ba da amsa. Mai tambaya ya yi zaton ya taɓa jin dabarar, shi kuwa ya nuna mamaki, ya ce shi dai tara jerin ya yi a ka. Labarin yana da daɗi, amma ni a ganina ya yi wa malamai ɓarna, domin ya sa ana ɗaukar tambayar a matsayin ma'aunin saurin ƙwaƙwalwa, alhali natsuwa take aunawa.

Kafin a ƙera jirgi

Jirgin ƙasa mai ɗaukar mutane bai wuce shekarun 1825 zuwa 1830 ba a Ingila, amma tambayar matafiya biyu masu fuskantar juna ta girme shi nesa ba kusa ba. A littafin lissafin nan na ƙasar Sin mai babi tara, wanda aka kammala tattara shi wajajen ƙarni na farko na Miladiyya, akwai agwagwar daji da take tashi daga tekun kudu ta isa tekun arewa a kwana 7, da dinyar daji da take tashi daga arewa ta isa kudu a kwana 9. In sun tashi rana ɗaya, yaushe za su haɗu? Hanyar da aka bayar ita ce a ninka 7 da 9 a sami 63, a haɗa 7 da 9 a sami 16, a raba 63 gida 16, sai a sami kwana 3 da kashi 15 cikin 16 na kwana. A Indiya, Aryabhata ya rubuta ƙa'idar a 499: in masu tafiya suna fuskantar juna a raba tazara da jimlar gudunsu, in kuwa ɗaya ne ke bin ɗaya a raba da bambancin gudun. Abin da ya dame shi shi ne sanin lokacin da taurari biyu za su haɗu a sama. A Turai kuma, cikin tambayoyin wasa ƙwaƙwalwar matasa da ake jingina wa Alcuin, malamin fadar Sarki Sharlaman wanda ya rasu a 804, akwai kare da ke bin zomo: zomo ya ba shi ratar ƙafa 150, kare yana tsallen ƙafa 9, zomo 7, sai a tsalle na 75 ya kama shi.

Malaman hisabi na Musulmi sun riƙe wannan nau'i suka mai da shi na 'yan aike da masu kai wasiƙa, abin da ya dace da daular da ke da tsarin aikawa da saƙo daga Bagadaza zuwa larduna. Daga hannunsu Leonardo ɗan birnin Pisa ya koyi lissafi a Bijaya ta gaɓar Aljeriya, littafinsa na 1202 kuwa cike yake da irin waɗannan tambayoyi. Abin da ya fi ban mamaki shi ne wani littafin lissafin 'yan kasuwa da aka buga a Treviso ta Italiya a 1478. A cikinsa Paparoma ya aiki manzo daga Roma zuwa Benis ya isa a kwana 7, hukumar Benis ta aiki nata zuwa Roma ya isa a kwana 9. Lambobin nan dai su ne na agwagwa da dinya, amsar ma ita ce, bayan fiye da shekara dubu da kuma nisan duniya guda. Da jirgi ya zo a ƙarni na 19, masu rubuta littattafan makaranta a Ingila sai suka sauke manzannin daga dawaki suka ɗora su a kan dogo.

Sauyin nan ya wuce na riga kurum. Tambayar agwagwa da ta manzanni da kwanaki ake auna su, kuma ba sa bukatar a san tsawon hanya. Ta jirgi kuwa tana tafe da abubuwa uku: hanyar da aka auna da mil, lokacin da aka yanka da agogo, da gudun da ba ya raguwa ba ya ƙaruwa. A Ingila kanta jirgi ne ya tilasta wa garuruwa su daidaita agogonsu da na Landan tun daga 1840, doka ba ta tabbatar da haka ba sai 1880. In mutanen da suka ƙera jirgin sun ɗauki shekara 40 kafin su saba da lokacinsa, ya kamata a yi wa yaron Gummi adalci.

Dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda

Masu tarihin Zamfara, irin su Kurt Krieger wanda ya yi bincikensa a Anka ya buga littafinsa da Jamusanci a 1959, da Garba Nadama a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, sun nuna yadda sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura bayan Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari sun ci Birnin Zamfara a cikin shekarun 1760, har ta zo ta zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Anka da Bukkuyum da Gummi suna jere ne a kwarin gulbin Zamfara, daga gabas zuwa yamma, a kan hanyar da ke kai mutum ƙasar Kabi da kasuwar Jega. Ƙasa ce ta noma da kiwo da fatauci, kuma mutanenta sun san tafiya.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Dogo ya isa Kano a 1911, sa'an nan aka fitar da reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. Auduga da gyaɗa aka bi, ba tsofaffin biranen sarauta ba. A shekarar da aka kammala shi ne kasuwannin duniya suka karye, maganar zarcewa da shi Sakkwato kuma ta yi ta tashi tana kwanciya ba a aiwatar ba. Sakamakon haka Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta cika da kantunan kamfanoni da baƙi daga kudu, har daga baya ta zama babban birnin jiha a 1996, yayin da yammacin Zamfara ya koma bayan fage. Amfanin gonar Anka da Bukkuyum da Gummi a kan jakai da raƙuma, daga baya a kan manyan motoci, yake zuwa bakin dogo. Wato dai mutanen wannan yanki sun yi wa jirgi noma shekara da shekaru, amma mafi yawan 'ya'yansu ba su taɓa jin kukansa ba.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Layin nan ƙwaya ɗaya ne, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6. Jirage biyu ba sa shiga tsakanin tasha da tasha a lokaci guda suna fuskantar juna; ɗaya yakan jira a tasha inda aka yi wa dogo ɓarayi, kuma direba ba ya tashi sai an ba shi alamar izinin shiga wannan yanki. Saboda haka ko ɗan ma'aikacin jirgi a Gusau, wanda ya san jirgi ciki da waje, in aka ce masa jirage biyu sun taso suna fuskantar juna ba tsayawa, abin da zai zo masa a rai shi ne haɗari. Tambayar an ɗinka ta ne daidai da ƙasar da ke da layi biyu kafaɗa da kafaɗa.

Ta ƙofar makarantar boko tambayar ta shigo. Tun daga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina, zuwa makarantun horon malamai irin ta Maru inda Malam Aminu Kano ya yi aiki kafin ya ajiye koyarwa a 1950, lissafin da ake koyarwa tsarin Ingila ne. Littattafai irin na Larcombe a firamare da na Durell a sakandare sun daɗe a hannun ɗalibai, da fam da sule da mil da yadi, da lissafin gudu da tazara da lokaci. A cikin shekarun 1970 abubuwa suka zo a jere: naira da kwabo a 1973, komawa ga mita da kilomita, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976 wanda ya cika azuzuwa da yara kafin a sami isassun malamai, sa'an nan soke lissafin zamani daga firamare a 1977. A duk wannan juye-juye mil ya zama kilomita, amma jiragen nan biyu suna nan a shafinsu.

Abin da tambayar ta tarar

Kuskure ne babba a ɗauka cewa tambayar ta faɗo a kan mutanen da ba su san irinta ba. Bahaushe yana da kacici-kacici, wanda ake buɗewa da ƙulunƙulufita a amsa da gauta, in mutum ya kasa ya ce ya ba da gari. Wannan siffantawa ce a dunƙule: baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Ana gane amsa ta hanyar kamance, sau da yawa ma haddace ta ake yi. Amma yana da wani nau'in dabam, wato wasa ƙwaƙwalwa, wanda labari ne gajere da ake warware shi da tunani mataki-mataki, kuma manya ma suna yin sa a dandali da zaure. Misalin da kowa ya sani shi ne na mutumin da zai ƙetare gulbi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwale kuwa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. Wannan tambaya tana cikin tarin Alcuin da aka ambata, da kyarkeci a madadin kura da kabeji a madadin harawa. Ga shi nan ta zama 'yar gida har ba mai tambayar asalinta, saboda an ba ta dabbobin da aka sani da gulbin da ake ƙetarewa. Yaron da ya girma a bakin gulbin Zamfara ba ya bukatar a yi masa bayanin kwalekwale da damina.

Ta wajen lissafi tsantsa kuwa, ƙasar Hausa tana da dogon tarihi. Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. 'Yan kasuwa sun yi ta ƙirga wuri har keso, wato 20,000, ba tare da takarda ba. Amma abin da ya fi kusa da maganarmu shi ne ilimin rabon gado. Duk almajirin da ya kai babin gado a Risala ya san rabi da rubu'i da sumuni, ya san sulusi da sudusi, ya kuma san yadda ake neman asalin mas'ala, wato lambar da dukan kason magada za su fita daga cikinta ba ɓari, kamar 6 ko 12 ko 24. Wannan aiki shi ne ainihin abin da ake yi a tambayar agwagwa da dinya: agwagwa tana cin subu'in hanya a kwana, dinya tana cin tusu'i, asalin mas'ala 63, kason ɗaya 9 na ɗaya 7, jimla 16. Alƙalin Anka ko na Gummi da ya saba raba gado zai warware ta yana zaune a kan buzunsa.

Abin da bai saba da shi ba shi ne ma'aunin. Farke da zango yake auna hanya, lokaci kuwa da rana da salla: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Zango ba tsayayyen tsawo ba ne, ya danganta da inda ruwa yake da inda ayari zai kwana lafiya. Kuma farke ya san jaki ba ya tafiya da la'asar kamar yadda ya yi da sanyin safiya. Saboda haka in aka ce masa abu yana gudu iri ɗaya daga fari har ƙarshe, shakkar da zai nuna ta mai sanin hanya ce. Lissafi yana bukatar a yi wannan ƙaddarawa, amma wajibi ne malami ya faɗa a fili cewa ƙaddarawa ce.

Bari mu mai da tambayar gida mu gani. A ƙaddara mai koren shanu ya taso daga Anka, kwana 6 zai yi kafin ya isa Gummi. Mai jaki kuma ya taso daga Gummi a wannan safiya, kwana 3 zai yi zuwa Anka. Yaushe za su gamu? Mai shanu yana cin sudusin hanya a kwana, mai jaki yana cin sulusi. Sudusi da sulusi rabi ne. Ke nan a kwana 2 za su gamu, mai shanu ya ci sulusin hanya, mai jaki ya ci sulusi biyu. Yanzu a ƙara kare a madadin ƙuda. Karen mai shanu ne, wanda zai iya cinye hanyar duka a kwana guda, yana ta kai da komowa tsakanin mutanen biyu har suka gamu. Nawa ya ci? Kwana 2 ya yi yana gudu, saboda haka ya ci tsawon hanyar Anka zuwa Gummi sau biyu. Babu kilomita a nan, babu agogo, amma tarkon yana nan yadda yake, dabarar fita ma ita ce. Duk wanda ya ga yadda kare yake bin ayari, ya yi gaba ya dawo baya, ya riga ya ga hoton tambayar da idonsa.

Ba ina cewa a kori jirgi daga littafi ba ne. Ɗalibin Bukkuyum zai zauna jarrabawa ɗaya da na Ikko, kuma dole ya iya kilomita cikin awa. Maganar ita ce wanne za a fara da shi. Tarihin da muka bi ya nuna cewa kowace al'umma da tambayar ta sauka a cikinta sai da ta tufatar da ita da kayanta: Sinawa da tsuntsayensu, Indiyawa da taurari, Larabawa da Italiyawa da manzanni, Ingilishi da jirginsu. A wurinmu kuwa aka karɓe ta da rigar da ta zo da ita aka hana ta tuɓewa, aka kuma yi ta a harshen da yaro bai gama ji ba, duk da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Yaron da aka ba tambayar jirgi da Turanci kaya uku aka ɗora masa a lokaci guda: harshe, da abin hawan da bai sani ba, da lissafin kansa. In ya faɗi, ba wanda zai iya cewa ga wanda ya kā da shi a cikin ukun, amma a takardar sakamako lissafi ake rubutawa.

Akwai aikin da ke jiran kwalejojin ilimi na Maru da Gusau da Sakkwato a wannan fanni. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyi da labarunsa tsakanin 1911 da 1913, da yawansu daga lardin Sakkwato aka samo su, kuma tun daga lokacin hankalin masu tattara adabin baka ya fi karkata ga tatsuniya da karin magana da kacici-kacici. Tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa masu lissafi a ciki, irin na rabon dabbobi tsakanin magada, da na awon hatsi da mudu biyu marasa daidai, da na ƙetare gulbi, sun cancanci a bi tsofaffin fatake da malaman zaure na Anka da Gummi da Bukkuyum a rubuta su da lambobinsu yadda suke faɗar su, tare da hanyar da kowane mai ba da amsa ya bi kafin ya kai gare ta. Ɗaliban da ake turawa koyon aikin koyarwa a waɗannan garuruwa kowace shekara su ne suka fi dacewa da wannan aiki, in an ba su littafin rubutu da tambayoyin da za su yi.